Manhajar Da Aka Ɗinka Maka: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗinta?

 A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata sana'a wadda ta yi ƙarfi a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, watau sana'ar kamfanonin da ke gina wa mutane shafin intanet, suna kuma rubuta musu manhajar kwamfuta daidai da bukatarsu. Duk babban birnin da mutum ya shiga, daga Ikko zuwa Abuja, daga Fatakwal zuwa Kano, zai iske su. Wasu suna da babban ofis da ma'aikata birjik, wasu kuwa samari ne uku ko huɗu a ɗaki guda, kowa da kwamfutarsa a kan cinya. Abin da suke tallatawa kusan iri ɗaya ne. Za su gina maka shafi, su rubuta maka manhajar da za ta riƙe lissafin kantinka ko makarantarka ko asibitinka, su haɗa ta da banki domin a riƙa biyanka ta waya, sa'an nan su ci gaba da kula da ita in kana biyansu.

Da farko dai bari mu bambanta kaya iri biyu. Akwai manhajar da ake sayarwa a shirye, wadda wani babban kamfani ya rubuta sau ɗaya ya sayar wa dubban mutane, kamar rigar kanti da ake ɗinkawa ba a san wanda zai sa ta ba. Akwai kuma wadda ake rubuta wa mutum shi kaɗai, bayan an zauna da shi an ji yadda yake tafiyar da harkarsa, kamar yadda tela ke ɗaukar awo kafin ya sa almakashi a yadi. Wannan ta biyun ita ce abin maganarmu a yau.

Kada wani ya ce neman irin wannan ɗinki almubazzaranci ne. Manhajar da aka rubuta a Amurka ko Jamus ba ta san ɗan kasuwar Dawanau da ke saye da buhu yana sayarwa da kwano ba, ba ta san na Kantin Kwari da ke ba abokin cinikinsa na Maraɗi dila biyar a kan amana, a biya shi bayan an sayar ba. Ba ta san uban da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'ya shida kashi-kashi, a yi masa rangwame a kan na ƙarshe ba, balle a zo ga maganar adashi. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cusa irin wannan ciniki cikin manhajar kanti ya san yadda take matse shi a hammata. Saboda haka bukatar gaskiya ce, kuma matasanmu da suka ƙware a wannan aiki sun cancanci yabo, domin su ne suka san kasuwar, suka kuma san harshen na'urar.

Sai dai misalin tela yana da inda ya tsaya, kuma daidai wurin ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. In tela ya gama maka kaftani ka biya shi, ka naɗe abinka ka tafi gida, shi ke nan hannunsa ya fita. Ko da ya rufe shago ya koma garinsu, kaftaninka na nan a akwati, kuma in ya ɓarke kowane tela a bakin kasuwa zai iya gyara maka. Manhaja ba haka take ba. Abin da kake gani a allon waya ko kwamfuta fuska ce kawai. Gangar jikin tana can cikin wata babbar kwamfutar ajiya wadda wataƙila ba za ka taɓa ganinta da idonka ba, tana iya kasancewa a Ikko, tana iya kasancewa a Landan ko wani gari na Amurka, kuma hayarta ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Asalin rubutun da aka gina manhajar da shi, wanda in babu shi ba mai iya canja ko da harafi ɗaya a cikinta, yana hannun wanda ya rubuta. Adireshin shafinka ma ba saye ake yi ba, haya ce da ake sabuntawa. Waɗanda suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistarsu, kuma sunan da aka rubuta a rajista shi ne mai adireshi, ko da kuwa wani ne ya biya kuɗin. In yaron kamfani ya rubuta sunansa domin ya hutar da kai cike takarda, to, a ranar da kuka saɓa za ka gane cewa allon da ke ƙofar kantinka nasa ne.

Bayan waɗannan duka akwai ƙofar baya, watau hanyar da mai ginin ke bi ya shiga cikin manhajar daga nesa domin ya yi gyara. Wannan ƙofa tilas ce, ba a iya kula da manhaja in babu ita. Amma wanda ke iya shiga ya gyara kuskure yana iya shiga ya canja lissafi, da gangan ko bisa kuskure, kai kana barci. A kan wannan ƙofa ce nake so in ba ku wani labari na ƙasar Birtaniya, domin ban san wani labari da ya fi shi nuna girman abin da ke cikin wannan magana ba.

A shekarar 1996 gwamnatin Birtaniya ta ba kamfanin ICL, wanda ke ƙarƙashin kamfanin Fujitsu na Japan, kwangilar rubuta wata manhaja ta musamman domin gidan waya. Aka sa mata suna Horizon, aka fara baza ta a rassa daga 1999. Yawancin ƙananan rassan gidan waya na can ba ma'aikatan gwamnati ke riƙe da su ba. 'Yan kasuwa ne masu zaman kansu, sau da yawa miji da mata masu ɗan kanti a ƙauye, suna sayar da kan sarki, suna biyan tsofaffi kuɗin fansho, ana ba su la'ada. Mai karatu zai iya kwatanta su da masu sana'ar POS na unguwanninmu. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu kuwa, kamar yadda hukumar gidan waya ta riƙa fassara ta, ta ɗora musu biyan duk giɓin da aka samu a lissafin reshensu.

Ba a daɗe ba sai giɓi ya fara bayyana. Mutum zai ƙirga kuɗin da ke cikin akwatinsa ya ga sun cika cif, ya duba allo ya ga na'ura ta ce saura fam dubu biyu, ko dubu ashirin. Ya buga waya ofishin taimako, a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala, alhali kuwa ɗaruruwa ne ke bugowa da irin kukansa. Wasu suka cike giɓin da kuɗin aljihunsu, suka ci bashi, suka jinginar da gidajensu. Waɗanda suka kasa, hukumar gidan waya da kanta ta gurfanar da yawancinsu gaban kotu bisa tuhumar sata ko ƙarya a lissafi. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta mutum fiye da 900. Fiye da 200 sun shiga kurkuku, cikinsu har da wata mata mai juna biyu da aka ɗaure a 2010. Aure ya mutu, mutunci ya zube a idon maƙwabta, wasu ma sun kashe kansu.

Ashe manhajar ce ke da aibi. Ga misali ɗaya wanda ya fito fili daga baya, an ma sa masa sunan garin Dalmellington na ƙasar Sikotilan inda aka gano shi. In mai reshe ya zo tabbatar da cewa ya karɓi kuɗi, wani lokaci sai allon ya daskare. Shi kuwa, kamar yadda kowa zai yi, sai ya sake danna maɓalli, ya kuma dannawa. Kowace dannawa na'urar tana rubuta cewa ya sake karɓar wannan kuɗi, ba tare da ta nuna masa ba. A wannan reshe haka aka tara giɓin fam 24,000 wanda babu shi a duniya. Bugu da ƙari, ma'aikatan Fujitsu a ofishinsu na garin Bracknell suna iya shiga lissafin kowane reshe daga nesa su yi canji, mai reshe bai sani ba. Hukumar gidan waya ta yi shekaru tana musun cewa hakan na yiwuwa.

Wani mai reshe a yankin Wales mai suna Alan Bates, wanda aka raba da reshensa a 2003 saboda ya ƙi amincewa da lissafin da bai gamsu da shi ba, shi ne ya ƙi yin shiru. Mujallar Computer Weekly ta fara fallasa maganar a 2009. Daga bisani mutum 555 suka haɗa kai suka kai ƙara babbar kotu, inda a watan Disamba na 2019 Mai Shari'a Fraser ya yanke hukuncin cewa Horizon na da aibobi da kurakurai masu iya haddasa giɓi, kuma lalle ana iya shiga ta daga nesa. An sasanta a kan kimanin fam miliyan 58, amma bayan an cire kuɗin lauyoyi da na waɗanda suka ɗauki nauyin shari'ar, abin da ya rage wa masu ƙara bai wuce fam miliyan 12 ba. A watan Afrilu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana ɗaya. Sai a 2024, bayan gidan talabijin na ITV ya nuna wasan kwaikwayo a kan lamarin jama'a suka harzuƙa, sa'an nan majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta soke hukuncin yawancin sauran a dunƙule. A watan Janairu na 2024 shugaban Fujitsu na nahiyar Turai ya nemi gafara a gaban kwamitin majalisa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin labarin shi ne abin da ya biyo bayan hukuncin 2019. Mai karatu zai zaci washegari aka kori kamfanin. Ina! An yi ta tsawaita masa kwangila sau da dama, ana biyansa miliyoyi, saboda hukumar gidan waya ba ta da wata manhajar da za ta maye gurbin Horizon, kuma ba ta da masu sanin cikinta kamar waɗanda suka rubuta ta. Hukumar da ta girmi kakannin kakanninmu, mai rassa fiye da dubu goma sha ɗaya, da gwamnati a bayanta, ta kasa zare wuyanta daga hannun ɗan kwangilarta. To, ina ga mai makarantar firamare a Gusau, ko mai kantin magani a Sabon Garin Zariya? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Akwai wani ɓangare na shari'a da ya kamata lauyoyinmu da alƙalanmu su lura da shi. A da, dokar Ingila ta wajabta wa mai gabatar da shaidar kwamfuta ya nuna cewa na'urar tana aiki daidai. A 1999, shekarar da aka fara baza Horizon, sai majalisarsu ta soke wannan sharaɗi, aka koma ɗaukar cewa kwamfuta daidai take sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka. Yaya talaka mai ɗan kanti zai nuna aibin manhajar da ba a taɓa barinsa ya ga cikinta ba? Mu a nan Nijeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya riƙe irin wancan sharaɗi, ya ce sai an kawo bayanin yadda na'urar ke aiki kafin kotu ta karɓi abin da ta fitar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa ta 2012, inda ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharaɗin ba. Wasu suna ganin wannan sashe ɓata lokaci ne. Ni dai ina ganin garkuwa ce, kuma ina jan kunnen masu kantuna da kamfanoni: in na'ura ta nuna giɓi a hannun yaronka, kada ka yi saurin kiran 'yan sanda. Fara kiran wanda ya rubuta manhajar, ka tambaye shi wa ya shiga cikinta a wannan mako, me kuma ya taɓa.

Wannan ya kawo mu ga takardar yarjejeniya, wadda ita ce mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa cinikin miliyoyin naira ake ƙullawa da baki da saƙon waya, a ba da kafin alƙalami, a ce ai ɗan wane ne, ba zai ci amana ba. Ba maganar cin amana kaɗai ba ce. Yaro mai gaskiya ma yana iya samun aiki a Kanada ya tafi, kamar yadda da yawa daga cikin gwanayen wannan sana'a suka tafi, yana iya yin rashin lafiya, kwamfutarsa tana iya ɓacewa. Kuma ga abin da doka ta ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, ta kuma ce asalin haƙƙi na wanda ya rubuta ne, sai in an yi wata yarjejeniya dabam, sa'an nan miƙa haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce. Watau in kai ɗan kasuwa ka biya kuɗi tsaf amma ba a rubuta cewa an miƙa maka haƙƙin ba, to, izinin amfani ka saya, manhajar tana nan ta mai ita. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Saboda haka wanda zai ba da irin wannan aiki ya sa a rubuta baro-baro cewa asalin rubutun manhajar nasa ne, a kuma riƙa ajiye masa kwafinsa a wurin da shi ke da kalmar sirri, tun ana cikin aikin, ba sai an gama ba. Adireshin shafi da hayar wurin ajiya su kasance da sunansa ko sunan kamfaninsa, da lambar wayarsa. Ya tabbata yana iya fitar da dukan bayanansa, sunayen abokan ciniki da littafin bashi da sakamakon jarrabawa, a cikin sigar da wata manhaja za ta iya karantawa, kuma ya gwada fitar da su da hannunsa sau ɗaya, domin gani ya kori ji. Game da ƙofar baya kuwa, a yarda cewa duk shigar da aka yi manhajar za ta rubuta sunan wanda ya shiga da lokaci da abin da ya canja, a rubutun da shi mai shigar ba zai iya gogewa ba. Kamfanin kirki ba zai ji haushin waɗannan sharuɗɗa ba, wasu ma su ne za su fara kawo maka su. Wanda ya fara kame-kame da ka ambace su, ya riga ya gaya maka halinsa.

Kada kuma mai makaranta ko asibiti ya zaci cewa da ya ba kamfani aikin ya sauke nauyin bayanan mutane daga kansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin a kan wanda ya tara bayanan, ta bukaci ya yi rubutacciyar yarjejeniya da duk wanda zai sarrafa masa su, kuma in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ya sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'a 72. Uwar da aka baza sirrin ciwonta ba ta san wani kamfanin kwamfuta ba, likitan da ta gaya wa ta sani.

Sai maganar kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kuɗin gini shi ne dukan kuɗin. Manhaja kamar gidan ƙasa take, kowace shekara tana son yaɓe kafin damina. Wayoyi suna canjawa, bankuna suna canja hanyar haɗuwa da su, ɓarayin intanet suna gano sababbin ɓaraka, kuma duk wannan sai an bi an toshe. Hayar wurin ajiya kuwa, in a waje yake, da dala ake biya. Waɗanda suka yi lissafinsu a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, sun ga yadda ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, hayar ta ninka sau uku ba tare da an ƙara musu komai ba. A tambayi kamfani tun farko nawa ne kuɗin shekara, me da me ke cikinsa, wanne ne na naira wanne ne na dala. A kuma tambaye shi gaskiya ko aikin na bukatar sabon ɗinki. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su, wadda manhaja ce ta kyauta da aka fara fitarwa a 2003. Babu laifi a gina maka a kanta, sau da yawa ma ya fi, domin masu iya gyara ta suna da yawa. Laifin shi ne a caje ka kuɗin aska takwas a kawo maka rigar kanti an canja mata maɓalli.

Adalci kuma ya sa in juya ga masu ba da aikin, domin su ma masu rubuta manhaja suna da nasu kukan, kuma kuka ne mai tushe. Alhaji zai zo ya ce a yi masa irin ta wane, a tambaye shi yadda yake lissafin kayansa ya ce ku dai ku yi. A yi wata uku ana aiki, ranar da aka kawo sai ya tuna yana da reshe a Onica, yana kuma son manhajar ta riƙa lissafa zakka da albashin direbobi, duk a kan tsohon farashi. In aka ce sai ya ƙara kuɗi ya ce an cuce shi, ya riƙe cikon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka tilas mai harka ya zauna da kansa, ko ya sa akawunsa da ya fi kowa sanin littafin, a rubuta abin da ake so dalla-dalla kafin a fara. A raba aikin kashi-kashi, a raba biyan kuɗin haka, kowane kashi a gwada shi da lissafin gaske na wata guda, a ga ya yi daidai da abin da littafi ya nuna, kafin a wuce gaba. Tsohon littafin nan na takarda kuwa kada a yi gaggawar jefar da shi. A bar akawu ya ci gaba da cika shi tare da na'urar har wata uku ko huɗu, duk ranar da suka saɓa a tsaya a gano wanda ya yi kuskure a cikinsu kafin a rufe lissafin ranar.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.